Ƙwayoyin Bitamin Da Magungunan Ƙarin Jini: Wa Ke Buƙatarsu, Wa Suke Iya Cutarwa?

A shagunan magani, da manyan kantuna, da tashoshin mota, har ma da shafukan Facebook da WhatsApp, tallan ƙwayoyin bitamin da magungunan ƙarin jini ya zama ruwan dare a Najeriya. Ana yi wa mai saye alƙawarin ƙarin kuzari, da ƙarfin garkuwar jiki, da kaifin ƙwaƙwalwa, da gyaran fata, duka a cikin kwalba guda. Magidanta da dama na ware wani kaso na ɗan abin da suke samu domin sayen su, a daidai lokacin da kuɗin cefane ke neman gagara.

Abin da binciken kimiyya na shekaru masu yawa ya nuna shi ne, waɗannan kayayyaki suna amfani ne a inda jiki ke da giɓin wani sinadari. A wurin mai juna biyu ko ƙaramin yaro, wasu daga cikinsu kan ceci rai, kuma su ne mafiya araha. A wurin baligi mai lafiya da ke cin abinci iri-iri, yawancinsu ba sa ƙara komai, wasu ma na iya jawo illa. Saboda haka, sanin wanda ke buƙata, da abin da yake buƙata, da adadin da ya dace, shi ne ginshiƙin maganar.

Me ake nufi da su?

Kayan ƙarin sinadaran abinci su ne ƙwayoyi, ko kafso, ko ruwan kwalba, ko gari, da ke ɗauke da sinadaran da asalinsu a abinci ake samun su. Sun haɗa da bitamin, da ma'adinai irin su ayon da zink da kalsiyam da aidin, da man kifi, da wasu tsirrai. Kalmar bitamin kanta wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Poland, Casimir Funk, ya ƙirƙiro ta a shekarar 1912, lokacin da aka fara gane cewa rashin wasu 'yan sinadarai a cikin abinci na haddasa cututtuka.

Bitamin 13 ne jikin ɗan'adam ke buƙata, kuma sun kasu gida biyu. Bitamin C da dangin bitamin B guda 8 a ruwa suke narkewa, don haka jiki kan fitar da yawancin rararsu ta fitsari. Wannan ne dalilin da ya sa fitsarin mai shan haɗin bitamin B kan koma rawaya shar, launin bitamin B2 ne da ya yi wa jiki yawa. Su kuwa bitamin A da D da E da K a maiƙo suke narkewa, kuma jiki kan adana su a hanta da kitse. Idan aka yi ta shan su fiye da ƙima, musamman A da D, taruwa suke yi har su zama guba.

Masu juna biyu: ayon da folik asid

Babu rukunin da amfanin ƙarin sinadarai ya tabbata a kansa kamar mata masu juna biyu. Binciken Ƙidaya da Lafiya na Ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta da abin da za ta jure zubar jini da shi, kuma zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar.

Ayon shi ne sinadarin da jiki ke gina jajayen ƙwayoyin jini da shi, waɗanda ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. A lokacin goyon ciki, yawan jinin uwa kan ƙaru, ga kuma jariri da mabiyiya suna ɗibar nasu rabon. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ayon tare da maikurogiram 400 na folik asid kullum. Su ne ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo.

Shi folik asid, wanda ɗaya ne daga dangin bitamin B, lokacinsa yana da muhimmanci ƙwarai. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, tun kafin mata da yawa su san suna ɗauke da shi. Idan bai rufe daidai ba, akan haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya ko tawayar ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa a 1991 ya nuna folik asid ya rage maimaituwar wannan matsala da kimanin kashi 70 cikin 100 a tsakanin matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri. Don haka ake son mace ta fara shan sa tun tana shirin ɗaukar ciki.

Mata da yawa kan daina shan ayon saboda tashin zuciya, ko taurin bayan gida, ko kuma ganin bayan gidan ya yi baƙi. Baƙin ba abin tsoro ba ne, ragowar ayon ce da hanji bai tsotsa ba. Shan ƙwayar bayan cin ɗan abinci ko da daddare kan rage tashin zuciya. Shayi da kofi da madara na hana hanji tsotsar ayon, don haka ya kamata a bar tazarar awa biyu tsakaninsu da ƙwayar. Lemo da gwaba da tumatir kuwa taimaka wa tsotsar suke yi.

A wuraren da jama'a ba sa samun isasshen kalsiyam a abinci, WHO ta kuma ba da shawarar a ba masu ciki giram 1.5 zuwa 2 na kalsiyam a kullum, domin rage haɗarin hawan jinin goyon ciki da kan kai ga jijjiga. Shi ma ba a haɗa shi da ayon a sha lokaci guda.

Ƙarancin jini ba duka na ayon ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowace kasala ko jiri a matsayin ƙarancin jini, sannan a nufi kemis a sayi maganin ƙarin jini. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki da tsargiya da gyambon ciki da yawan jinin al'ada suna zubar da shi a hankali. Amosanin jini da ciwon ƙoda su ma suna rage shi. Wanda ke shan ayon alhali ramin da jinin ke tsiyaya bai toshe ba, ɓata lokaci yake yi, cutar kuma tana ci gaba da cin sa. Gwajin jini mai sauƙi a asibiti ne ke nuna ko akwai ƙarancin, daga nan a nemi musabbabinsa.

Mai amosanin jini, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, na iya tara ayon fiye da ƙima a hanta da zuciya, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon. Folik asid aka saba ba shi, ayon kuwa sai da umarnin likita. Haka nan wani bincike a tsibirin Pemba na Zanzibar, da aka wallafa a 2006, ya nuna raba ayon ga ƙananan yara baki ɗaya a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ya ƙara yawan masu kwanciya asibiti. Matsayar WHO a yau ita ce a haɗa ba yara ayon da matakan rigakafin zazzaɓin da gwajinsa da maganinsa. Al'adar haɗa lemon malt da madara da sunan ƙarin jini kuwa ba ta da madogara, domin dukansu biyu ayon ɗin da ke cikinsu kaɗan ne.

Yara: bitamin A, zink da aidin

Ƙarancin bitamin A ne ke haddasa dundumi, inda yaro ba ya gani sosai da zarar magariba ta yi. Idan ya tsananta yakan busar da ido har ya kai ga makanta, ya kuma raunana garkuwar jiki ta yadda ƙyanda ko gudawa za su iya yin kisa. A 1986, likitan ido ɗan Amurka Alfred Sommer da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bincike a lardin Aceh na Indunusiya, wanda ya nuna kafson bitamin A ya rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne ya share fagen rabon da ake yi a ƙasashe masu tasowa.

A Najeriya ana ɗiga wa yara bitamin A kyauta a lokacin Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara da ake gudanarwa sau biyu a shekara. Shuɗin kafso mai ma'aunin IU 100,000 na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, jan kuma mai IU 200,000 na 'yan wata 12 zuwa 59, duk bayan wata 4 zuwa 6. Adadi ne mai yawa da hanta ke adanawa tana saki a hankali, shi ya sa ba a maimaita shi a gida.

Zink kuwa abokin ruwan gishiri da sukari ne a maganin gudawa. A 2004 WHO da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka ba da shawarar a ba yaron da ke gudawa miligiram 20 na zink kullum tsawon kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. Yana gajarta kwanakin gudawar, yana kuma rage yiwuwar dawowarta a watannin da ke biye. Iyaye da yawa kan daina bayarwa da zarar cikin ya tsaya, alhali cika kwanakin ne ke ba da kariyar.

Shi aidin ba sai an sayi ƙwaya ba. Ƙarancinsa ne ke kawo maƙoƙo, kuma a jikin mai ciki yana tauye ƙwaƙwalwar jariri. Najeriya ta wajabta sanya shi a cikin gishiri tun 1993. Abin da ya rage wa uwargida shi ne ta sayi gishirin leda mai aidin, ta ajiye shi a rufe, nesa da danshi da zafin murhu. Haka kuma tun 2002 doka ta wajabta sanya bitamin A a sukari da man girki da fulawa da garin masara na masana'antu, kuma tambarin ido a jikin buhu ko galan ne shaidarsa.

Darasi daga Jos

An daɗe da sanin cewa ƙarancin bitamin D ne ke lanƙwasa ƙafafun yara a ƙasashen Turai masu ƙarancin rana, domin fata ce ke ƙera wannan bitamin idan hasken rana ya sauka a kanta. To me zai sa a riƙa ganin yara masu gwame da ƙafar baka a Najeriya, inda rana ke fitowa kusan kullum?

Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun bi diddigin wannan tambaya, suka wallafa sakamakon a 1999. Sun raba yara masu wannan lalura gida uku. Wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa. Abincin yaran galibi hatsi ne, babu nono ko madara, don haka kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci.

Darasin a fili yake. Abin da ake tallatawa bisa buƙatar mutanen wata ƙasa ba lallai ne ya zama shi ne giɓin mutumin Najeriya ba. Duk da haka, tsofaffi da marasa lafiya da ke wuni a ɗaka, da duk wanda fatarsa ba ta cika haɗuwa da rana ba, na iya samun ƙarancin bitamin D, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da shi.

Baligi mai lafiya fa?

A nan ne tallace-tallace suka fi yawa, hujja kuma ta fi ƙaranci. Wani babban gwaji a Amurka mai suna VITAL, wanda ya ƙunshi mutane sama da 25,000 aka kuma bayyana sakamakonsa a 2018, ya gano cewa shan bitamin D ko man kifi kullum na kimanin shekara biyar bai rage kamuwa da sankara ko manyan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a jimlace ba. A 2022, kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna haɗaɗɗen bitamin na kare mutum daga waɗannan cututtuka.

Bitamin C ya samu farin jini ne bayan da masanin kimiyya Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel, ya wallafa littafi a kansa a 1970 yana cewa yana maganin mura. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, sai dai ya ɗan gajarta kwanakinta. Abin da baligi ke buƙata a rana bai kai miligiram 100 ba, kuma gwaba guda ɗaya ta wadatar. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa kuwa sukan ɗauki miligiram 1,000.

Akwai manyan da ke da buƙata ta gaskiya. Bitamin B12 a nama da kifi da ƙwai da nono ake samun sa, kuma tsotsarsa kan ragu da tsufa. Masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin, da masu shan maganin rage tsamin ciki na tsawon lokaci, da waɗanda ba sa cin abin da ya fito daga dabba, suna cikin haɗarin ƙarancinsa. Alamominsa sun haɗa da kasala, da jin ƙafafu na mutuwa ko tsira kamar allura, da mantuwa.

Garin neman ƙiba

Tunanin cewa bitamin abinci ne, don haka ba ya cutarwa, ya sha karo da bincike. A Finland, gwajin da aka yi a kan maza masu shan taba sama da 29,000, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun ƙara kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011, wani gwajin ya nuna yawan bitamin E ya ƙara haɗarin sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100.

Yawan bitamin A a farkon ciki na iya nakasa jariri, shi ya sa ba a ba mai ciki jan kafson yara, ana kuma jan hankalinta game da man hantar kifi. Yawan bitamin D na cika jini da kalsiyam ya lalata ƙoda. Bitamin C da ya haura miligiram 2,000 a rana na kawo gudawa, kuma yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Daɗewa ana shan bitamin B6 mai yawa na lalata jijiyoyi. Ƙwayoyin ayon kuwa, waɗanda launinsu ke kama da alewa, suna iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiyi da yawa, don haka a ajiye su inda hannunsa ba zai kai ba.

Wani haɗarin shi ne magungunan ƙara ƙiba da ake sayar wa 'yan mata da sunan bitamin. Wasunsu na ɗauke da cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini mai buɗe ciki da sa barci. Wasu kuma ana haɗa su da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Hausawa sun ce garin neman ƙiba akan samo rama.

Haka kuma waɗannan kayayyaki na karo da magungunan asibiti. Ayon da kalsiyam da zink na riƙe ciprofloxacin da tetracycline a cikin hanji su hana su aiki. Bitamin K na rage ƙarfin warfarin, maganin hana daskarewar jini. Duk mai shan maganin ciwon sukari, ko hawan jini, ko zuciya, ko ƙoda, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ya kamata ya nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna duk kwalbar da yake sha, har da ta gargajiya.

Lambar NAFDAC da abin da take nufi

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da alhakin yi wa waɗannan kayayyaki rajista, na gida da na waje. Mai saye na iya duba sunan kaya da lambarsa a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Sai dai ga haɗe-haɗen tsirrai, lambar da ke ƙarewa da harafin L na nufin an duba kayan ta fuskar rashin cutarwa, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa ba.

Zuwan kaya daga ƙasar waje ma ba shaida ba ce. A Amurka, wata doka ta 1994 ta ba kamfanoni damar fitar da irin waɗannan kayayyaki kasuwa ba tare da hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta fara tantance amfaninsu ba. Duk kwalbar da ta yi iƙirarin warkar da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa da sankara a lokaci guda, iƙirarin kansa ya isa gargaɗi. Mai saye ya duba ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa, da adadin kowane sinadari, ya kuma guji kayan da aka baje a rana.

Kasuwar cefane ce ta farko

Yawancin abin da ke cikin kwalaben nan yana nan a kasuwar cefane. Manja, da karas, da mangwaro, da gwanda, da kabewa, da dankali mai ruwan lemo, da zogale, da alayyahu suna ba da bitamin A. Tun 2011 ma aka fitar da irin rogo mai launin rawaya da aka inganta da shi a Najeriya. Hanta, da nama, da kifi, da wake, da waken suya suna ba da ayon da zink. Nono, da kindirmo, da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, da miyar kuka suna ba da kalsiyam. Garin ɗan kuka, da gwaba, da lemo suna ba da bitamin C. Kifin sardin da titus na ɗauke da irin maiƙon da ake sayarwa a kafson man kifi.

Ga iyalin da kuɗinsa ba su da yawa, jerin fifikon a bayyane yake: mai ciki ta je awo da wuri ta sha ayon da folik asid, yaro ya karɓi bitamin A sau biyu a shekara, a ajiye zink da ruwan gishiri da sukari saboda gudawa, a yi girki da gishiri mai aidin. Wanda ke jin kasala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuma ya fara da gwajin jini. Abin da ya saura bayan wannan, zuba shi a tukunya ya fi kai shi kemis.